Ranar da Muka Ɗauko Na Goma

Kafin in ce komai, ina so mai karatu ya sani cewa abin da zan faɗa ya daɗe ƙwarai, kuma mai yiwuwa na haɗa wasu ranaku wuri ɗaya, ko na sa maganar wani a bakin wani. Na yi karatun harhaɗa magunguna, na kuma ƙare ƙarfina a bayan kantar saidaliyya, wato shagon magani, aikin da ya koya mini duba abu sau biyu kafin in miƙa wa mai shi. To amma tuna baya ba shi da takardar likita da zan gwada da ita. Sannan ni ba malami ba ne, ba fatawa zan bayar ba, ba kuma siyasar yau nake nufi ba. Labarin maƙwabta ne kawai.

Abu biyu suka tayar mini da shi. Na farko, ɗana injiniya, wanda nake zaune a gidansa a unguwar Al-Sih a nan Madina, ya kwashe mu a mota zuwa Khaibar sayen dabino. Muka tsaya muna kallon kangayen da ke kan duwatsun nan baƙaƙe, ɗana yana yi wa yara bayanin Yahudawan da suka zauna a wurin a zamanin da. Sai jikana, wanda yake jin Hausa sarai amma ba ya mayarwa sai da Larabci, ya ja hannun rigata ya ce, “Jaddi, inta shuft Yahudi fi hayatak?” Wato ko na taɓa ganin Bayahude a rayuwata. Na ce masa, “Aboki, bari mu koma gida tukuna.” Na biyu kuwa, a makon ne wani ɗan'uwa ya turo mini hoto a waya daga garin da aka haife ni. Ya ce in duba ko zan gane wurin. Na ga rumfar masu facin taya, da guntun bango na jan bulo, da wata tsohuwar bishiyar darbejiya. Bishiyar na gane.

An haife ni a wani gari na bakin kogi a ƙasar Sudan. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya cirar auduga, tsayuwar da ta zama zama. Irinmu da yawa ne a can, unguwa guda muke, muna Hausa a gida muna Larabci a kasuwa. Mahaifina mahauci ne. Bayan gidanmu, katanga ɗaya ce ta raba mu da wani ƙaramin gini da muke kira masallacin Yahudu, ko da yake daga baya na ga a littattafai majami'a ake cewa. Abin da na ji daga manya shi ne, 'yan kasuwa ne suka biyo layin dogo suka zo da yadi da agoguna da kayan ƙarau. Da fari a ɗakin ɗaya daga cikinsu suke taruwa, da suka ɗan yi yawa suka sayi fili suka yi ginin, rufin kwano, tagogi dogaye, da wani kabad a bango inda suke ajiye littafinsu da ke naɗe kamar tabarma. Arewa suke fuskanta, mu kuma gabas. Har yau ina dariyar kaina in na ce wa jikokina su dubi gabas su yi salla, alhali a nan Madina kudu muke duba.

Sautukan wurin su ne ba su bar kunnena ba. Da safiyar Asabar sai ka ji guna-gunin karatunsu yana tsallako katanga, yana hawa yana sauka kamar na masu tilawa. Sau ɗaya a shekara suna busa ƙahon rago, ƙarar da ke sa jakunan unguwa kuka. Akwai kuma lokacin da suke kafa bukka da ganyen dabino a tsakar gida su riƙa cin abinci a ciki, muna leƙe muna mamakin masu ɗaki da suka zaɓi bukka. Amma sautin da ya fi kowanne shi ne na washin wuƙa. Limaminsu, in dai liman za a ce, shi ne kuma mai yi musu yanka. Mu Kawaja Mai Wuƙa muke ce masa, don a can Kawaja ake kiran baƙo farar fata. Tsoho ne siriri, yakan zo mayanka da sassafe da wuƙarsa a cikin kube na katako, ya zauna ya yi ta wasa ta a kan dutse, sannan ya bi bakinta da farcensa a hankali, ido a rufe. In ya ji giɓi ko da kamar gashi ne, ya koma kan dutse. Su ba sa cin cinyoyin baya, sai su bar wa mahaifina ya sayar. Mahaifina yakan ce, “Wannan mutumin, ko ba ka ci yankansa ba, ka koyi riƙon wuƙa a wurinsa.”

Matarsa kuwa duk unguwa Habboba ake ce mata, wato kaka. Ba su kunna wuta ranar Asabar, kuma a yadda na fahimta ba ta da ikon ta ce wa wani kai tsaye ya kunna mata. Sai ta tsaya a bakin katanga ta ce wa mahaifiyata, “Maƙwabciya, yau kam da sanyi, ko shayi ma ya huce.” Inna ta yi murmushi ta ɗebi garwashi a kasko ta zagaya. Ba a taɓa cewa kawo ba, ba a taɓa cewa ga shi ba. Yau a ginin da muke, hawa kan hawa, ban san sunan wanda ƙofarsa ke kallon tamu ba. Mukan haɗu a cikin lif, mu yi sallama, kowa ya dubi wayarsa. Ban ce laifin kowa ba ne, ni ma ban taɓa ƙwanƙwasa masa ba.

Lokacin da na zama saurayi, ina ajin ƙarshe na sakandare, jama'arsu ta riga ta zube. Gida bayan gida suna sayar da kaya suna tafiya, wasu ƙetaren teku, wasu ban san ina ba. Guna-gunin Asabar ya yi ƙasa har sai ka kasa kunne. A cikin wannan hali Habboba ta rasu, wata Juma'a da hantsi, a tsakiyar zafi.

Da aka sauko daga Juma'a, mazan unguwarmu suka ɗunguma zuwa ta'aziyya a harabar masallacin nasu, mahaifina a gaba, da ƙanensa Baffa, mutum mai saurin fushi da saurin hucewa, da Malamin unguwa yana dogara sanda a baya. Muka tarar an gama shirya gawa, amma ba wanda ya motsa. Mai Wuƙa na tsaye a ƙarƙashin darbejiyar nan ta cikin hoton, wuyan rigarsa a yage, yana duban mutanensa ɗaya bayan ɗaya leɓɓansa na motsi. Daga baya aka gaya mini ba sa ƙirga mutane da ɗaya, biyu, uku. Wata aya ce mai kalmomi goma suke karantawa, kowane mutum kalma guda. Ya karanta, kalma ɗaya ta rage ba mai ita. Ya sake, haka dai.

Mahaifina ya tambayi wani mai sayar da yadi abin da ake jira. Ya ce addu'ar da miji zai yi wa matarsa a bakin kabari ba ta yiwuwa sai da maza baligai goma, su kuwa tara ne. Ga shi da faɗuwar rana Asabar ɗinsu za ta shiga, ba haƙa, ba binnewa, sai Lahadi, a wannan zafin. Ko dai a binne ta ba addu'ar, ko a bar ta ta kwana biyu.

Mahaifina ya ce, “Wannan ne kawai? Ai da an faɗa tun ɗazu.”

Ya juyo ya yafuto mu. A wurinmu jana'iza ba a gayyata, duk wanda ya ji ya zo, kuma yawan sahu alheri ne ga mamaci. Saboda haka muka tuɓe takalma a bakin ƙofa, muka shiga, muka ja sahu a bayansu kafaɗa da kafaɗa, har Baffa na cewa a matso a toshe ɓaraka. Malam ne kaɗai bai shiga ba, ya tsaya a ƙofa yana kallon ƙasa. Ina tuna yadda mutanen nan tara suka juyo suna dubanmu, da takalmansu a ƙafa, mu kuma ƙafa tsirara.

Mai Wuƙa ya zo ya kama hannun mahaifina da hannu biyu. Ya ce, “Ya jari, maƙwabcina, Allah ya saka maka. Amma ba zan iya ƙirga ku ba.”

Sai Baffa ya ce da Hausa, da ƙarfi, “Yaya, ka ji ko? Ashe mu ba mutane ba ne! Tumakin da muke kai masa ai yana ƙirga su sarai, ko ɗaya ba ya ɓacewa. Ku zo mu tafi.” Wasu har sun fara neman takalmansu.

Malam ya gitta sandarsa a ƙofar. Ya ce wa Baffa, “Kai, zo nan. Juma'ar da ka sauko yanzu, da mutum nawa take tsayuwa?”

“Goma sha biyu, ban da liman, Allah ya gafarta Malam.”

“To da mun tashi sha ɗaya, wannan tsohon ya zo saboda kirki ya tsaya a sahu, za ka ce ta cika?”

Baffa ya sosa ƙeya ya ce, “Ai wannan daban.”

“Da me ya bambanta? Bai ce ba ku da daraja ba. Cewa ya yi ba zai yi wa Ubangijinsa ha'inci a lissafi ba. Da ya karɓe ku, da ni ne zan fara raina shi.”

Ana cikin haka na ji Inna tana kirana ta kan katanga, daga wajen mata. Ta ce, “Je ka ce wa babanku, ai akwai Mai Agogo.”

Kowa ya san Mai Agogo, kowa kuma ya san dalilin da ba a ambace shi ba. Shi ma ɗan jama'arsu ne, mai gyaran agogo. Shekaru da yawa kafin nan ya taɓa cewa a gaban mutane wai ya ji giɓi a wuƙar Mai Wuƙa, maganar da a wurinsu daidai take da cewa ya ciyar da su mushe. Tun ranar ba su sake gaisawa ba, shi kuma bai sake taka masallacinsu ba. Daga baya ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a wani ɗaki a ƙetaren layin dogo. Mutanensa sun cire shi daga lissafi, wasu don ba ya tafiya, wasu don sun tabbata ba zai zo ba. Abin da maza ba su sani ba, Inna ta sani, domin ita ce take kai masa kwanon miya duk Juma'a daga hannun Habboba, ba da sanin Mai Wuƙa ba. Wannan ma a ranar ta raɗa mini in gaya wa mahaifina.

Mahaifina bai yi shawara da kowa ba. Ya ce wa mai sayar da yadi su ɗauki gawa su nufi maƙabartarsu su fara haƙa, ya ce wa Baffa da ni da wani mutum na huɗu mu biyo shi.

Muka tarar da Mai Agogo a kan gadon igiya, irin wanda ake kira angarib a can, agoguna sun kewaye shi a bango, kowanne da lokacinsa. Mahaifina ya durƙusa ya gaya masa rasuwar. Tsohon ya bi agogunan bango da kallo. Sannan ya ce, bakinsa a karkace, “Shi ya aiko ku?”

“Bai aiko mu ba, Kawaja. Bai ma san mun zo ba.”

“Na sani. Girman kai ba zai bar shi ba. Kai mahauci ne, faɗi gaskiya, wuƙar nan ba ta da giɓi a ranar?”

Mahaifina ya ce, “Ni ban san dokarku ba, kuma ban taɓa wuƙar a ranar ba. Abin da na sani, wadda ta rasu ba ta taɓa riƙe wuƙar ba. Ludayi ta riƙe. Yau Juma'a, ka ga kwano ya zo?”

Tsohon ya juya fuskarsa bango. Da ya juyo, sai ya ce a miƙo masa hularsa da agogon aljihu. “Ku ɗauke ni. Amma duk wanda ya ce masa don shi na zo, Allah ya isa.”

Muka kama ƙafafun gadon muka ɗora a kafaɗa. Ni ina baya ta hagu, wannan ba na shakka, don kafaɗar ta yi mako tana ciwo. Bai yi shiru ba ko sau ɗaya. In muka yi sauri ya ce, “A hankali, ni ba buhun auduga ba ne.” In muka sassauta ya buɗe agogo ya ce, “Rana na tafiya, ku kuna rangwaɗa kamar masu kai amarya.” Baffa, gumi na zuba, ya ce, “Kawaja, zaɓi ɗaya, ko sauri ko hankali. In ka ƙara magana zan sake ƙafar nan, su koma tara, mu kuma mu huta.” Tsohon ya ce, “Sake mana, ai kai za a tambaya.” A ƙasar nan a kan irin wannan gadon ake ɗaukar gawa, saboda haka da muka ratsa kasuwa masu shaguna suka miƙe suna salati, wasu suka taho za su karɓe mu don neman lada. Sai ga hannu ya ɗago daga kan gado yana kora su: “Ban mutu ba tukuna! Ku ba da hanya!” Wani mai shayi ya zubar da butarsa don gudu. Na yi dariya har gadon ya girgiza, mahaifina ya daka mini tsawa daga gaba ba tare da ya waiwayo ba.

Da muka isa, an gama kabari, rana ta yi ja amma ba ta taɓa ƙasa ba. Muka sauke gadon a gefen ramin muka ja da baya can wajen wata bishiyar ƙaya inda Malam da sauran mutanenmu suke. Wasu sun zauna, Malam ya ce su miƙe. Ya tuna mana cewa an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude. A lokacin ban san zan tsufa a garin da aka ce hakan ya faru ba.

Tsofaffin nan biyu ba su gaisa ba, ko kallon juna ban ga sun yi ba. Mai Wuƙa ya sake bin mutanensa da ayar nan, ɗaya bayan ɗaya, kalmar ƙarshe ta sauka a kan mutumin da ke kwance. Ya yi addu'arsa, su kuma suna amsawa, muryar Mai Agogo a karkace tana fin ta kowa. Ba mu san abin da ake cewa ba, amma mun ji suna cewa amin, sai na ji Baffa a gefena shi ma ya ce amin, ya kuma yi sauri ya dubi Malam. Malam ya yi kamar bai ji ba. Aka mayar da ƙasa da sauran haske.

A iya sanina, wannan ne karo na ƙarshe da suka cika goma a garin. Baffa ya ce bayan kwanaki sun sake ɗaukar Mai Agogo zuwa gidan makoki, ya ce a kawo masa wuƙar, ya bi ta da farce ya ce, “Yanzu kam babu giɓi. Da ma an daɗe ana wasawa.” Ban ga wannan da idona ba, kuma Baffa yana da ƙarin gishiri. Ba a daɗe ba Mai Agogo ya rasu, kuma ban san yadda suka yi da addu'arsa ba, abin da har yau yake damuna. Ina makarantar koyon magunguna aka rubuto mini cewa Mai Wuƙa ya tafi wurin 'yarsa, ya naɗe littafin nan cikin bargo ya rungume shi a jirgin ƙasa kamar jariri. Dutsen washinsa ya bar wa mahaifina. Da Allah ya nufa na sami aiki a nan na kawo mahaifina ya cika Hajjin da kakanmu ya faro, da dutsen ya zo. Yana nan a kicin ɗinmu, surukata na tokare ƙofa da shi.

Duk Juma'a bayan la'asar, mu tsofaffin Hausawa mukan taru a gidan wani a unguwar Bani Harisa, na Kano da na Nijar da na Chadi da irina na Sudan, mu sha shayi, mu yi gardamar wace Hausa ce ta asali. A da falon ba ya ɗaukarmu. Yanzu wani ya rasu, wani iƙamarsa, wato takardar zama, ta ƙare ya koma gida, 'ya'yanmu kuma sukan sauke mu a ƙofa su ce za su dawo. Na kama kaina ina bin fuskoki da ido ina ƙirgawa, sai in tuna da wani tsoho a ƙarƙashin darbejiya. Ban ce abin ɗaya ne ba. Mu muna da masallatai ko'ina, sahu ba ya rasa mutane a Madina. Amma na fahimci kallon da yake yi.

Na ba jikana labarin nan a daidai wannan tsari, da Hausa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya je ya ɗago dutsen daga bakin ƙofa ya juya shi a hannu, ya tambaye ni da Larabci ko mutumin yana da nauyi. Na ce masa tsoho ne ramamme, bakinsa ne mai nauyi.

Ina roƙon duk wanda ya san wannan gari ko ya halarci wannan rana, daga mutanenmu ko daga zuriyar waɗancan maƙwabtan in maganar ta kai gare su, ya gyara mini inda na karkace, ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Mai yiwuwa ba darbejiya ba ce. Mai yiwuwa maganar da na ba Malam wani ne ya yi ta. Amma abin da na fi so a taimake ni da shi shi ne mutum na huɗu. Mahaifina yana gaba ta dama, Baffa yana gaba ta hagu, ni ina bayan Baffa. Wanda ke gefena na manta fuskarsa da sunansa kaf, na yi ta nema ban samu ba, duk waɗanda zan tambaya kuma sun riga mu gidan gaskiya. Na dai tabbata akwai shi, domin tun daga layin dogo har bakin kabari gadon nan bai karkata ba.